Gyaran Waya da Soket na Fitilar Mota a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu mota a Sakkwato suka fi maimaitawa idan fitilar gaba ta fara ba su wahala, tun daga direban haya mai bin hanyar Illela har ma'aikacin da motarsa ba ta wuce Arkilla zuwa ofis. Maganar duk a kan ƙananan motoci ce masu batirin bolt 12. Wanda ya karanta har ƙarshe zai ga abu guda yana ta dawowa: sau da yawa ƙwan fitila ba shi da laifi, wurin da waya ta haɗu da waya ne ya lalace.

Fitila ɗaya ta mutu, ɗayar tana ci. Daga ina zan fara?

Kafin ka sayi komai, ka buɗe bonet ka ciro ƙwan da ya mutu, ka ɗaga shi sama ka duba siririn zaren da ke ciki. In ya tsinke, ko gilashin ya yi baƙi ko fari kamar hayaƙi ya cika shi, to ƙwai ne. In ido bai nuna maka komai ba, ka yi musanya: ɗauko ƙwan ɓangaren da ke ci ka sa a wanda ya mutu. Ya kama, ƙwai ne. Bai kama ba, matsalar tana soket, ko fis, ko waya.

Daga nan sai fis, domin motoci da yawa suna ba kowace fitila nata, hagu daban, dama daban. Akwatinsu yana cikin bonet kusa da batir ko ƙarƙashin sitiyari, kuma a bayan murfinsa akwai zanen da ke nuna na kowa. In fis lafiya, ka leƙa cikin soket ka shinshina. Warin ƙonanniyar roba ba ya ɓuya. Kada dai ka ce ido ɗaya ma ido ne ka kama hanyar Bodinga da dare. Mai tahowa zai ɗauka ɗan kabu-kabu ne, ya matso tsakiyar titi.

Wane kayan aiki nake bukata?

Sifana mai lamba 10 don kwance kan batir, sukundireba, filaya, 'yar sanfefa mai laushi, testa mai ƙwai a ciki, da mitar awon wuta ko da ƙarama ce. In aikin ya kai ga yanke waya, sai a ƙara da ƙarfen liƙi da dalma, da robar nan da ake zura wa waya a gasa ta ta matse. Mita ita ce mutane suka fi jin ƙyashin saye, alhali ƙwai biyu da aka saya a banza sun biya kuɗinta.

Kafin yanka ko haɗa waya, ka zare makulli ka cire kan batir mai alamar ragi, wato baƙin. Wasu rediyoyin mota suna neman lambar sirri idan aka mayar da batir, don haka ka tabbata kana da ita. Ka kuma bar inji ya huce, domin fankar lagireto a wasu motoci tana tashi da kanta ko an kashe mota, balle a zafin Afrilu.

Na je shago an tambaye ni lambar ƙwai. Yaya zan san tawa?

Lambar tana rubuce a gindin tsohon ƙwan, don haka ka tafi da shi a aljihu. H4 shi ne mai ƙafa uku, zare biyu ne a cikinsa, ful mai wat 60 da dim mai wat 55. H7 ƙafa biyu, H1 ƙafa ɗaya, dukansu wat 55. Motocin da aka shigo da su daga Amurka sun fi zuwa da masu gindin roba a lanƙwashe: Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana amfani da 9006 a dim da 9005 a ful, Camry ta 2007 zuwa 2011 kuma H11 a dim da 9005 a ful.

9005 da 9006 sun yi kama ƙwarai, har wasu kan fere robar ɗaya da reza don ya shiga gurbin ɗaya. Kada ka yarda. In 9005 ya zauna a gurbin dim, hasken zai watsu ya riƙa kashe wa jama'a ido.

Da gaske ne ba a taɓa gilashin ƙwai da hannu?

Da gaske ne. Ƙwan halojin, wato irin mai zare a cikin gilashi da muke magana a kai, yana zafi matuƙa, maiƙon yatsa kuma yana ƙonewa a jikin gilashin ya bar tabo, wurin ya fi ko'ina zafi har ya kumbura ko ya fashe. Ka riƙe shi ta gindi. In ka riga ka taɓa, ka goge da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit, ka bari ya bushe.

Soket ɗina ya narke, na canza, ya sake narkewa. Mene ne ke jawo haka?

Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin mutane suna cewa zafin ƙwai ne ke narkar da soket, amma ka duba da kyau: galibi rami ɗaya ne ya ƙone, sauran lafiya lau. Da zafin ƙwai ne, da duk sun narke tare. A cikin kowane rami akwai ɗan ƙarfe mai baki da ke damƙe ƙafar ƙwai. Idan bakin ya saki, ko tsatsa da ƙura sun shiga tsakani, wuta sai ta riƙa matsawa ta ɗan ƙaramin wuri, wurin ya yi zafi. Zafin yana ƙara sassauta ƙarfen, sassautawar tana ƙara zafin, haka za su yi ta yi har roba ta narke. A soket ɗin H4, ramin da wuta ke komawa ta cikinsa ya fi shan wahala, saboda ko ful aka kunna ko dim, ta nan take bi.

Garinmu kuma bai taimaka ba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, sai ka ƙiyasta cikin bonet. Hunturu ya zo da ƙurarsa mai laushi kamar gari, ta shige ko'ina. Ramukan hanya su kuma suna girgiza soket kullum.

Sabon ya sake narkewa ne saboda ɗaya daga cikin abu uku. Ko an mayar da tsohon ƙwan da ƙafarsa ta riga ta ƙone ta yi baƙi, ya cinye sabon soket ɗin. Ko ƙwan ya fi ƙarfin wayar, kamar yadda za a yi bayani a gaba a amsar ƙwai mai wat 100. Ko kuwa soket ɗin mai araha ne, ƙarfensa kamar gwangwanin madara. In za ka canza soket da ya ƙone, ka canza ƙwan tare da shi, ka kuma nemi soket na tangaran mai kaurin waya.

To yaya ake canza soket ɗin?

Ka cire kan batir. Ka ɗauki hoton tsohon soket da wayarka tun bai bar wurinsa ba, yadda launin kowace waya da ramin da ta shiga za su fito. Launin wayoyin sabon soket ba lallai ya yi daidai da na motarka ba, saboda haka matsayin rami za ka bi, ba launi ba. A H4, ƙafar sama da ke kwance ita ce dim. Biyun da ke tsaye a gefe, ɗaya ful ce, ɗaya ta komawar wuta. Hanya mafi sauƙi ita ce ka riƙa yanke waya ɗaya kana haɗa ta da 'yar'uwarta kafin ka taɓa ta gaba, ba za ka rikice ba.

Kada ka yanke daf da soket. Zafi yana bin waya ya ƙona ta har cikin riga. Ka yi ta ja da baya kana ferewa har ka iske jan ƙarfe mai sheƙi, wanda bai yi baƙi ko kore ba, rigarsa kuma ba ta ƙage ba. Ka zura robar matsewa tun kafin ka haɗa, don kowa ya taɓa mantawa da ita sai da ya gama liƙi. Ka saƙa bakin wayoyin biyu a miƙe, ka ɗora ƙarfen liƙi a ƙarƙashinsu har su yi zafi su sha dalmar da kansu. Dalmar da aka ɗiga a sama ta daskare kamar kashin awaki ba ta kama komai ba. In ya huce, ka ja da hannu ka ji, sannan ka jawo robar ka gasa ta.

Ka sa mahaɗun su saɓa, wata gaba wata baya, don ko rufin ɗaya ya buɗe kada ta taɓa 'yar'uwarta. A ƙarshe ka ɗaure wayar a jikin babbar damin wayoyi, ka bar mata ɗan sako-sako yadda nauyinta ba zai riƙa jan soket ba.

Murɗe waya a naɗe da baƙin salatif bai isa ba? Haka nake gani ana yi.

Ya isa ya kai ka gida in dare ya yi maka a Tambuwal. Bai isa ya zama gyara ba. Murɗaɗɗiyar waya tana sassautawa da girgiza, ta koma irin wurin nan mai zafi da aka bayyana a amsar narkewar soket. Salatif kuma ba ya jure bazararmu, gam ɗinsa yana narkewa ya warware ya bar waya tsirara kusa da ƙarfe. In ba ka da ƙarfen liƙi, ka sayi 'yan bututun ƙarfen da ake zura waya ta baki biyu a matse da filayarsu. Matsi mai kyau ba ya kasa dalma, su kansu masu ƙera mota da shi suke aiki.

Ka kuma lura da wayar da kake saye. Akwai wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Kankare silin da wuƙa: in cikinsa fari ne, ajiye musu kayansu. Fitila tana son waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, in tafiyar da nisa 2.5.

Fitilar tana kamawa amma ja-ja take, kamar aci-balbal. Batir ne?

In duka biyun ne kuma mota tana wahalar tashi, ka auna batir. Inji a kashe ya kamata ka ga kusan bolt 12.6, inji yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. In ɓangare ɗaya ne ya dushe, kusan kullum at ne, wato wayar da ke mayar da wuta jikin mota. Ka bi ta daga soket, za ka iske ta ɗaure da noti a jikin bodi kusa da fitilar. Motar da aka taɓa yi wa gyaran gaba an fi samun wannan, domin mai fenti ya fesa wurin, an ɗaure wayar a kan fenti. Kwance notin, goge ƙarfen da sanfefa har ya yi ƙyalli, ɗaure tam, sannan ka shafa ɗan giris a sama. Wata alamar at mara kyau: ka kunna dim, sai shuɗiyar alamar ful ta ɗan haska a dashbod, ko zaren ƙwai biyu su yi ja tare. Wuta ce ta rasa hanyarta take bin ta maƙwabta.

Ga awon da ke raba gardama. Ka tada inji, ka kunna fitila, ƙwai yana cikin soket ɗinsa. Ɗora jan tsinken mita a kan batir mai alamar tarawa, baƙin kuma ka soka ta bayan soket a wayar da ke kawo wuta. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, bai kamata ya wuce rabin bolt ba. Ka maimaita tsakanin wayar at da baƙin kan batir, nan kuma kada ya wuce 0.2 ko 0.3. Dole sai fitila tana ci za a yi wannan awo. Wayar da sili biyu kawai suka rage mata za ta nuna maka bolt 12 cif in ba ta ɗauke da kaya, ka rantse lafiyarta ƙalau.

Kada ka raina bolt ɗaya. Ƙwan halojin in ya rasa kashi 10 cikin 100 na wutarsa, kusan kashi 30 na haskensa ke tafiya.

Fis yana ta ƙonewa. In sa babba, ko in naɗa masa waya?

Ko ɗaya. Fis mai gadin waya ne: an yi shi ya mutu don kada waya ta kama wuta. Wanda ya naɗa masa sili ko takardar sigari ya kori mai gadi ne ya bar ɓarawo a ɗaka. Launinsa yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Abin da ka cire shi za ka mayar.

In sabo ya ƙone nan take, waya ce ta goge tana taɓa bodi. Ka cire ƙwayayen fitilar, ka sa testarka a bakin ramukan fis ɗin biyu a madadinsa, ka kunna makunni. Muddin wayar tana taɓa ƙarfe testa za ta haska. Sai ka bi damin wayoyi kana motsa shi a hankali, inda hasken ya ɗauke nan ne ciwon. Ka fi duba inda waya ta ratsa ƙarfe, da bayan batir, da wurin da aka taɓa ɗaura ƙarin fitila ko oda. Motar da ke kwana kusa da buhunan gero ko shinkafa kuwa, ka fara zargin ɓera.

Ƙwai mai wat 100 fa? Ina tafiyar dare, ga raƙuma da amalanke ba fitila.

Uzurinka karɓaɓɓe ne, amma maganin bai dace ba. Ƙwai mai wat 55 yana jan wajen amfiya 5, mai wat 100 ya haura 8. Zafin da ke taruwa a mahaɗa kuwa ba ninki biyu yake yi ba, ya fi ninki uku. Soket zai narke, makunnin sitiyari zai ƙone, madubin cikin fitila ya dushe, gilashin roba ya yi rawaya. A ƙarshe haskenka bai kai na da ba, an yi gyaran gangar Auzinawa.

Abin da ya fi shi ne ka bar wat 55 ɗinka ka kai masa cikakkiyar wuta ta hanyar rile, wato ɗan akwatin makunni da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babbar wuta. Ƙafafunsa suna da lamba: 30 tana zuwa batir ta cikin fis da aka sa daf da batirin, 87 tana zuwa fitilu, 85 da 86 kuma su ne ke karɓar umarni daga tsohon soket. Mai H4 yana bukatar rile biyu, na ful da na dim. Ta haka makunni ya huta, wuta kuma ta bi gajeriyar hanya mai kauri. Ka yi awon da ke amsar fitila ja-ja tukuna, in babu asara a hanya rile ba zai ƙara maka komai ba.

Hattara da wasu motocin Toyota, musamman tsofaffi: wuta tana zaune a ƙwai, makunni at yake katsewa. A irinsu, 85 da 86 duk daga tsohon soket za su fito, kada ka kai ɗaya bodi, in ba haka ba ful da dim za su rikice.

Ful yana kamawa, dim ba ya kamawa, kuma duka ɓangarorin biyu.

Ka fara duba ƙwayayen duk da haka. Yakan faru ɗaya ya mutu tun watan jiya ba ka lura ba, sai da na biyun ya bi shi. In lafiyarsu lau, sai fis da rile na dim. Ka nemi wani rile mai lamba iri ɗaya a akwatin, kamar na oda, ka musanya ka gani. In ba su ba ne, saura makunnin sitiyari. Alamarsa ita ce fitila ta kama in ka ɗan girgiza sandar.

Akasin haka ma ana tambaya: wasu motocin Amurka da Kanada suna kunna fitila dishi-dishi da rana da zarar an tada su. Haka aka ƙera su, kada a yanke musu waya.

Duk wata biyu sai na sayi ƙwai. Jabu ake sayar mini?

Mai yiwuwa, kasuwa ta cika da su. Amma ka auna caji kafin ka yi faɗa da mai shago. In inji yana aiki mita ta kai bolt 15 ko ta haura, altaneta ce ke cika wuta, kuma ƙarin kashi 5 cikin 100 kawai yana rage rabin ran ƙwai. Sai girgiza: fitilar da kunnenta ya karye aka ɗaure da waya, ko ƙwan da ƙarfen riƙonsa bai kama ba, zarensa ba ya daɗewa. Sai soket mai sako-sako da ke sa shi ƙyaftawa, sai taɓa gilashi da hannu.

In koma farar fitila ta LED in huta?

Tana jan wuta kaɗan, don haka soket yana samun sauƙi, wannan gaskiya ne. Sai dai madubin fitilarka an ƙera shi ne don zare ɗaya siriri a wuri ƙayyadadde. LED mai araha tana watsa haske sama da gefe: kai ka ga gabanka fari fat, nesa kuwa duhu, mai tahowa kuma ka makantar da shi. A cikin hazon hunturu farin hasken dawo maka yake yi a ido. In ka nace, ka sa ta yadda idanunta za su kalli hagu da dama, ba sama da ƙasa ba. In ba ta kama ba ka juya filoginta, wasu suna da gaba da baya. Ka kuma tabbata murfin baya ya rufu.

Fitilar HID, wato mai ƙwan gas marar zare, da mota ta zo da ita daga kamfani daban ce. Akwatinta yana harba sama da bolt 20,000 lokacin kunnawa. Wannan ba aikin ƙofar gida ba ne.

Murfin robar bayan fitila ya ɓata. Dole ne in nemo wani?

Dole ne. Ta nan ƙura ke shiga ta kwanta a madubi, da damina kuma ruwa ya bi ta ya sa wa ƙafar ƙwai tsatsa. Masu wankin mota da injin feshi ma suna cika fitila da ruwa ta nan. Ka nema wurin masu kayan Kwatano, ka tafi da na ɗaya ɓangaren don gwaji.

Na gama aiki, amma kowa yana ba ni ful a hanya.

Ko ƙwan bai zauna daidai ba, ko ka juya wayar ful da ta dim, ko saiti ya goce. Kunnuwan gindin ƙwai hanya ɗaya suke shiga gurbinsu, in sai da ka danna da ƙarfi to a karkace yake. Bayan magariba ka tsayar da mota a wuri mai baje, mita 10 daga katanga, ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa ka yi alama da gawayi a bango. Layin saman hasken dim ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da alamar. A jikin fitilu da yawa an rubuta 1.0% ko 1.2%, abin da ake nufi ke nan. Akwai dunƙulen saiti a bayan fitila, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na gefe.

Tunda dama muke bi, in hasken yana da ɗan tashi to ta dama ya kamata ya tashi, wajen bakin hanya. Motar da aka juya wa sitiyari aka bar mata fitilunta na asali, ta hagu nata ke tashi, cikin idon mai tahowa. Saiti ba ya gyara wannan, sai an canza fitilun.

Yaushe zan haƙura in kai wa mai wayarin?

In ƙunar ta bi waya har cikin babban dami, ko bayan akwatin fis ya narke, ko ka ji warin ƙuna ta wajen sitiyari inda jakar iska take. Haka motocin da kwamfuta ke sarrafa fitilarsu, kamar Peugeot 307 da 'yan bayanta masu akwatin kwamfuta da ake kira BSI, waɗanda testa mai ƙwai ko haɗin ganganci kan iya lalata musu abu mai tsada. In za ka je, ka tafi da hoton da ka ɗauka da alƙaluman da ka auna, ka ce masa: "Oga, fis lafiya, na goge at, amma bolt ɗaya da rabi ke ɓacewa kafin soket." In ya gama, ka sa ya nuna maka kowace mahaɗa kafin ya rufe ta.